Jan jirgin Richthofen a kan kanta: Abin da ƙananan jiragen yaƙin ado ba sa faɗa

Faɗin fukafukansa bai wuce santimita 15 ba, kusan tsawon wayar hannu. Ja ne jawur, da fukafukai uku ɗaya bisa ɗaya, da baƙar alamar kuros a jiki, ga 'yan bindigogi biyu kamar tsinken ashana a gaban kujerar matuƙi. Duk wanda ya taɓa leƙa shagunan intanet masu sayar da ƙananan jiragen ado na ƙarfe, da wuya a ce bai ci karo da shi ba. Kwafi ne na Fokker Dr.I, irin jirgin da matuƙin Jamus Manfred von Richthofen yake ciki lokacin da aka kashe shi a Faransa ranar 21 ga Afrilun 1918, yana ɗan shekara 25.

Sama da shekara 100 ke nan, amma har yau kamfanoni na zuba wannan jirgi da takwarorinsa na Yaƙin Duniya na Farko, manyan mutane kuma na saye suna jerawa a kabad na gilashi. Sha'awa ce mai tsafta, kuma akwai ilimi a cikinta. Sai dai kantar da aka jera waɗannan jirage tana ba da labari, kuma labarin da take bayarwa rabi ne. Rabin da aka bari shi ne ya fi nauyi.

Yadda ake yin su

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane ya riga ya fahimci tushen aikin. Bambancin shi ne a nan ba a cikin yashi ake zubawa ba. Ana narka wani haɗin ƙarfe ne wanda mafi yawansa tutiya ce, wato ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa, a gauraya da ɗan alminiyum da wasu, sannan inji ya tura shi da ƙarfi cikin mazubi na baƙin ƙarfe mai siffar jirgin. Idan ya huce sai a goge, a yi fenti, a buga lambobi da tambura, a maƙala ƙananan sassa irin su farfela da tayoyi, waɗanda galibi na roba ne.

Kowane kwafi yana da ma'auni. Idan aka rubuta 1:48 a kwali, ana nufin an rage komai na jirgin sau 48. Fukafukan Fokker Dr.I na gaske sun ɗan haura mita 7, shi ya sa kwafin ya tsaya a santimita 15. Akwai kuma ma'aunin 1:72 da ya fi ƙanƙanta. Da yake jiragen wancan zamani ƙanana ne, 1:48 ya fi fito da kyansu, kuma da shi ne kamfanin Corgi na Birtaniya ke yin nasa na Yaƙin Duniya na Farko, irin su Sopwith Camel da SE5a da Albatros da SPAD XIII da Bristol Fighter.

Sana'ar ta samo asali ne daga kayan wasan yara. Kamfanin Meccano da ke birnin Liverpool ya fito da sunan Dinky Toys a 1934, har da ƙananan jirage a ciki. Corgi ya biyo baya a 1956 daga Swansea. Masana'antar Dinky ta Liverpool ta rufe a 1979, aikin zubi ya koma ƙasar Sin, yaran da suka yi wasa da su kuma suka girma suka sami albashi. Daga nan kasuwar ta juya. A ƙarshen shekarun 1990 Corgi ya buɗe sashen jirage na musamman don manya, yana fitar da kowane kala a adadi ƙayyadadde, da 'yar takardar shaida mai lamba a cikin kwali. Guda ɗaya kan ci fam gommai, kafin a zo maganar kuɗin aikowa.

A nan akwai ɗan gargaɗi ga wanda zai saya da tunanin jari. Ƙayyade adadi ba ya nufin farashi zai tashi, domin kamfani na iya sake fito da jirgin da wani fenti daban a baɗi. Tsofaffin kuma suna da cutarsu. Idan dalma ta gurɓata haɗin ƙarfen tun wurin narkawa, bayan shekaru sai jirgin ya fara kumbura, ya tsattsage, ya marmashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli, kuma babu magani. Da yawa daga cikin na shekarun 1930, ta haka aka rasa su.

A ba su haƙƙinsu

Kafin suka, ya kamata a faɗi gaskiya game da masu wannan sha'awa: ba su wasa da bincike. Fokker Dr.I guda 320 kacal aka ƙera, kuma babu ko ɗaya na asali da ya rage cikakke a duniya. Ɗaya daga cikin waɗanda Richthofen ya tuƙa an ajiye shi a gidan tarihi a Berlin, ya salwanta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Duk wanda ake gani yau a gidajen tarihi ko a fim, sabon ƙira ne. Saboda haka mai yin kwafi sai ya koma ga tsofaffin hotuna da takardun masana'anta da guntayen yadin da sojoji suka yanko daga tarkace suka ajiye.

Misali ɗaya ya isa ya nuna zurfin abin. Werner Voss, wani matashin matuƙin Jamus, ya zana fuska mai idanu da gashin baki a murfin injin jirginsa. Shekara da shekaru masu bincike na jayayya a kan launin wannan murfi: ruwan ɗorawa ne ko kore mai duhu? Dalilin rigimar shi ne fim ɗin hoto na wancan lokaci yana mayar da ruwan ɗorawa ya yi duhu, don haka hoton baƙi da fari ba ya raba gardama. Mutanen da za su kwashe shekaru a kan launin murfin inji ba jahilan tarihi ba ne. Da yawansu ta wannan ƙofa suka shiga karatu, kuma sun san abubuwan da littafin makaranta bai kawo ba.

Shi ya sa tambayar ta fi ƙarfi. Idan har za a iya wannan ƙwaƙƙwafi a kan fenti, me ya hana a yi irinsa a kan mutanen da abin ya shafa?

Ƙarfe a hannu, yadi a sama

Abu na farko da kwafin ke ɓoyewa yana cikin nauyinsa. Idan aka ɗauke shi a tafin hannu, sai a ji abu mai ƙwari, mai sanyi, wanda ko ya faɗi ba lallai ya fashe ba. Jirgin gaske kuwa akasin haka yake. Sopwith Camel, wanda Birtaniya ta ƙera kusan 5,500, firam ne na katako da aka ɗaure da wayoyi, aka lulluɓe da yadi, aka shafe da wani irin fenti mai saurin kama wuta. Ba tare da mai da harsasai ba, bai kai rabin tan ba. Matuƙi na zaune a kujerar saƙa, tankin fetur na bayansa dab da shi, sama a buɗe, iska da sanyi na dukansa.

Sunan ma akwai labari. Camel raƙumi ke nan, kuma an sa masa ne saboda wani tozo da ke rufe gindin bindigoginsa biyu. Halinsa ma na raƙumin ne, sai wanda ya iya da shi. Injinsa gaba ɗaya yake juyawa tare da farfela, wannan juyi kuma kan fizgi jirgin zuwa dama. Gwani kan yi amfani da fizgar ya juya da saurin da abokin gaba ba zai iya ba. Sabon shiga kuwa, da yawa ba su kai ga ganin fagen daga ba, a filin koyo jirgin ya kifar da su. Man da ke sanyaya gogayyar injin kuma man zurma ne, wanda ake sha don wankin ciki, injin na fesa shi a fuskar matuƙi tun daga tashi har sauka. Gyalen da suke ɗaurawa a wuya, wanda fina-finai suka mayar da shi ado, har da aikin goge tabarau yake yi.

Sai maganar laimar dirowa. Hukumomin Birtaniya ba su ba matuƙan jiragensu laima ba har aka gama yaƙin, alhali masu leƙen asiri daga balan-balan suna da ita. Jamus sai a 1918 ta fara raba wa nata. Ma'anar wannan a fili take: idan wuta ta kama jirgi a sama, zaɓi biyu ne ya rage wa wanda ke ciki, ya ƙone ko ya faɗo. A watan Afrilun 1917 kaɗai, lokacin gwabzawar Arras, Birtaniya ta rasa jirage 245, an kashe ko an nemi ma'aikatan jirgi 211 an rasa, wasu 108 kuma an kama su.

Shi kansa jan jirgin mai fukafukai uku yana da nasa tabon. A ƙarshen Oktoban 1917, fiffiken sama na jirgin Heinrich Gontermann ya ɓalle yana cikin tashi, ya mutu. Washegari irin haka ta faru da wani matuƙin. Bincike ya gano aikin masana'anta ne mara kyau, danshi ya shiga katako ya raunana shi, aka dakatar da jiragen har sai da aka gyara. Voss mai fuska a murfin inji an kashe shi ranar 23 ga Satumban 1917 yana ɗan shekara 20. Arthur Rhys Davids na Birtaniya da ya harbo shi bai ƙara sati shida a duniya ba, shi ma yana da shekara 20.

Babu ko ɗaya daga cikin wannan da ake gani a jikin kwafin. Fenti ne sumul, babu ɗigon mai, babu hujin harsashi.

Wa ake tunawa?

Abu na biyu shi ne zaɓen sunaye. Kusan kowane kwafi ana danganta shi da wani gwarzo da adadin jiragen da ya kakkaɓo: Richthofen 80, René Fonck na Faransa 75, Eddie Rickenbacker na Amurka 26. Wannan lissafi ba kamfanonin ado ne suka ƙirƙiro shi ba, sun gaje shi ne daga farfagandar yaƙin. A ƙasa miliyoyin sojoji na mutuwa cikin ramuka da taɓo, babu suna babu fuska, gwamnatoci kuma na buƙatar jarumi da za a nuna wa jama'a. Jaridun Faransa suka fara yi wa matuƙa kirari tun 1915, a Jamus kuma ana sayar da hotunansu a kati kamar na taurarin fim. Kantar mai tara jirage a yau tana maimaita wancan kirarin ne, ko mai ita ya sani ko bai sani ba.

Har shi Richthofen an gyara masa labari. Cikin 80 ɗin nan, 19 kawai ya yi da jirgi mai fukafukai uku, mafi yawa da Albatros ya yi su. Amma mai ukun ya fi ɗaukar ido, don haka shi ya zama tambarinsa. Da yawan waɗanda ya harbo kuma ba mayaƙa ne irinsa ba, jirage ne masu ɗaukar mutum biyu, marasa gudu, da aka tura ɗaukar hoto ko saita wa manyan bindigogi hanya. Wanda ya riƙe ragamar rundunarsa a watannin ƙarshe na yaƙin kuwa shi ne Hermann Göring, wanda daga baya ya zama na hannun daman Hitler.

Akwai kuma waɗanda suka tuƙa waɗannan jirage amma kasuwa ba ta cika waiwayarsu ba. Eugene Bullard baƙar fata ne ɗan Amurka da ya yi wa Faransa tuƙin jirgin yaƙi a 1917. Da ƙasarsa ta shiga yaƙin, ta karɓi fararen takwarorinsa ta bar shi, sai a 1994, shekara 33 bayan rasuwarsa, rundunar sojin saman Amurka ta ba shi muƙamin hafsa. Indra Lal Roy ɗan Indiya ne da ya kakkaɓo jirage 10 da SE5a, aka kashe shi a Yulin 1918 yana ɗan shekara 19. William Robinson Clarke daga Jamaika ya yi wa Birtaniya tuƙi har aka raunata shi a 1917. Tarihin na da launuka fiye da yadda kabad ɗin ke nunawa.

Waɗanda ke ƙasa

Giɓin da ya fi girma shi ne na wuri. Wanda ya dubi jerin kwafin da ake sayarwa zai ɗauka farkon yaƙin sama abu ne da ya faru a sararin Faransa da Beljiyam, tsakanin matasa biyu masu makami iri ɗaya. Amma bam na farko da aka jefo daga jirgin sama a Afirka ya sauka. Ranar 1 ga Nuwamban 1911, wani hafsan Italiya mai suna Giulio Gavotti ya jefa gurneti huɗu da hannunsa a Ain Zara da Tajura, kusa da Tarabulus a Libiya. Sunan jirgin da yake ciki Taube, wato kurciya da Jamusanci. Wannan ya faru ne shekara takwas kacal bayan 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright sun fara tashi a Amurka, kuma shekara uku kafin wani jirgi ya harbo wani jirgi a Turai.

A watan Mayun 1916, yayin da ake gwabzawa a Verdun, jiragen Birtaniya samfurin BE2c na Darfur suna taya yaƙar Sarki Ali Dinar. Wani matashin matuƙi, John Slessor, ya bi mayaƙan sarkin da ke janyewa daga El Fasher da bam da harbi, aka harbe shi a cinya daga ƙasa. Daga baya shi ya zama babban hafsan sojin saman Birtaniya. A farkon 1920 kuma jiragen DH.9 suka yi luguden wuta a kan ganuwoyin Sayyid Muhammad Abdullah Hassan a Somaliya, suka taimaka wajen kawo ƙarshen turjiyar shekara 20 cikin 'yan makonni. Arhar wannan yaƙi ce ta burge London, har aka danƙa wa sojin sama riƙon Iraƙi a 1922. Ƙauyen da ya ƙi biyan haraji ko ya yi tawaye, sai a aika masa jirgi.

A nan ne maganar ta dawo kan kanta. Bristol Fighter, wanda kwafinsa ke cikin masu farin jini, bai yi ritaya a 1918 ba. Ya ci gaba da aiki a rundunar Birtaniya har farkon shekarun 1930, kuma babban ɓangare na wannan aiki a Iraƙi ne da iyakar arewa maso yammacin Indiya, a kan mutanen da ba su da jirgi ko ɗaya. Shekarunsa a can sun ninka na Faransa sau da yawa. Amma idan za a zuba shi, galibi fentin 1917 ko 1918 ake yi masa.

Kano ma tana da guntun wannan labari. Jiragen farko da suka sauka a birnin, ranar 1 ga Nuwamban 1925, na soja ne: DH.9A guda uku da suka taso daga Helwan a Masar, suka biyo ta Khartoum da El Fasher. Jagoransu Arthur Coningham tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne a Faransa, ya jagoranci rukunin SE5a a 1918. Ba su jefa komai ba, ziyara ce da gwajin hanya. Duk da haka, zuwan ya nuna cewa daular da ke mulki na iya isowa ta sama cikin kwanaki, a hanyar da alhazan ƙasa ke shafe watanni ko shekaru suna bi.

Uzurin kamfanoni

Masu kare sana'ar suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Kamfani ba makaranta ba ne, abin da ake saye shi yake zubawa. Yin mazubi ɗaya na cin kuɗi mai yawa, don haka dole a zaɓi jirgin da za a sake fentinsa sau goma a sayar. Babu kuma mai son ajiye baƙin ciki a falonsa. Za su ƙara da cewa mai sha'awar tsohon takobi ba lallai yana son a sare wuyan kowa ba.

Duk an ji. Babu mai cewa a hana, babu mai cewa a zana jini a jikin jirgi. Amma sana'ar ba ta taɓa zama 'yar ba-ruwana ba kamar yadda ake nunawa. A 1940 Meccano ya sayar da ƙaramin Spitfire na musamman don tara kuɗin sayen jirgin gaske. Kuma kamfanonin yau da kansu suke tallata kayansu da sunan tarihi, suna buga bayanin matuƙi a jikin kwali da shafukansu. Wanda ya ce tarihi yake sayarwa, ya ɗauki nauyin da ya wuce na mai sayar da kayan wasa.

Gyaran kuma ba shi da tsada, domin ba sai an taɓa mazubi ba. Bayanin da ke faɗin lambar jirgi da rukuni da adadin waɗanda aka kakkaɓo yana da sararin ƙarin layi uku: shekarun matuƙin, yadda ya mutu, da sauran wuraren da aka yi amfani da irin jirgin. Sabon fenti a kan tsohon mazubi shi ne abin da kamfanoni ke yi kullum, saboda haka Bristol Fighter na Iraƙi ko SE5a na Indra Lal Roy ba su fi ƙarfinsu ba. Shagunan gidajen tarihi, da ke sayar da waɗannan kaya ga ɗalibai da baƙi, su ne suka fi cancanta su fara neman haka daga masu kawo musu.

Mai saye ma yana da nasa. Sunan da ke jikin kwali da lambar rukuni sun isa a fara bincike da waya cikin minti biyar. Wanda ya sayi jan jirgin zai iya neman sunan mutum na farko cikin 80 ɗin da aka tabbatar wa Richthofen. Mutum biyu ne a jirgi ɗaya, ranar 17 ga Satumban 1916: Tom Rees mai riƙe da bindiga, ɗan shekara 21, da matuƙinsa Lionel Morris, ɗan shekara 19, wanda ya lallaɓa ya sauke jirgin da rauni a jikinsa kafin ya cika a ranar.